Saƙonnin Inna Kulu Arba'in da Ɗaya

An ce wai a wani gari an yi wani dattijo, Malam Tanimu, wanda ya shekara talatin a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Zamani ya kashe sana'ar, amma girmansa bai mutu ba, don har yanzu wurinsa ake kai gardamar da ta gagara.

A garin akwai wata tsohuwa, Inna Kulu. Ɗanta Haladu ya tafi aikin jirgin ruwa ba da son ranta ba. Waya ba ta samunsa a teku, sai dai saƙon murya in sun kusa gaɓa. Ita ba ta karatu, don haka da baki take umartar wani wakili na na'ura da ke cikin wayarta, shi kuma ya zaɓi abin aikin da zai cika umarnin. Kowace Juma'a takan ce, "Kai wa Haladu wannan." Wakilin ya amsa mata da an gama.

Wata tara ana haka, saƙonnin Haladu suna ta gajarcewa. Na ƙarshe cewa ya yi, "Inna, in fushi ne ya hana ki amsa mini, ki yafe." Daga nan shiru. Kewa ta ci tsohuwar nan har ta rame. Da aka bincika, ashe saƙonninta arba'in da ɗaya suna jibge a ma'ajiya, ko ɗaya bai fita ba.

Samari biyu ne suka yi manhajar wayar, duk 'yan garin. Bashari ya gina wakilin, Zubairu ya rubuta bayanin kowane abin aiki, wanda wakilin ke karantawa kafin ya zaɓa. Kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, aka je gaban Malam Tanimu.

Zubairu ya ce, "Baba, bayanina a fili yake. Kowa a ofishinmu ya san abin aikin da ke aikawa da wanda ke ajiyewa."

Malam ya sa aka karanto bayanan biyu, ya kwafe su da hannunsa a takardu daban-daban, bai sa sunan ko ɗaya ba. Ɗaya ta ce, "Yana kula da saƙon murya." Ɗayar ta ce, "Yana aiki da saƙon murya." Ya juya su, ya miƙa wa Zubairu.

"Ɗana, ga mahaifiyar mutum tana jira. Wacce ce za ta kai?"

Zubairu ya dubi wannan, ya dubi waccan. Rubutunsa ne fa, na bara-baran nan, amma ya kasa bambance su. Can ya ce, "Sai na duba cikin manhajar, Baba."

Malam ya ce, "Shi wakilin ba shi da inda zai duba. Bai zauna ofishinku ba, bai ji hirarku ba. Takardar nan ita ce iyakar saninsa. Lokacin da nake rubuta wasiƙa, ban taɓa liƙe ambulan ba sai na tuna cewa mai karantawa ba zai iya juyowa ya tambaye ni ba."

Bashari ya fara murmushi, Malam ya tare shi. "Kai kuma ka auna saurin wakilinka, amma ba ka taɓa tambayar ko saƙo ya isa ba. Hukuncina shi ne Zubairu ya sake rubutawa, Inna Kulu ce mai jarrabawa. A karanta mata, in ta zaɓi daidai, sannan a ba wakilin."

Sau biyu Zubairu yana sake rubutawa yana karanta mata, tana girgiza kai. A na uku Zubairu ya karanta, "Wannan yana aika saƙo zuwa ga wanda aka ambata, ya kuma faɗa in bai isa ba. Wancan ajiyewa kawai yake yi, ba ya aikawa."

Ta ce, "Na farkon nan, ɗan nan. Shi nake nema tun bara."

Wakilin ma shi ya zaɓa. Saƙonnin suka fita a jere, tun daga na farko, wanda a ciki ta ce ta yafe masa tafiyar. Bayan kwana goma sha ɗaya wayarta ta yi ƙara. Haladu ne, bai iya cewa komai ba sai "Inna", har sau uku. Ta kifa wayar a ƙirjinta, ta yi kukan da ta riƙe wata tara.

Wanda zai rubuta wa manzo umarni, ya auna shi da kunnen wanda bai san komai a kai ba, domin abin da marubuci ya bari a ransa bai rubuta ba, mai jira ne yake shan wahalarsa.