Waken da Aka Gauraya da Toka

Akwai wani mutum, manomi, wanda yake da 'ya'ya biyar. Huɗu sun bi shi gona. Na biyar ɗin, Auta, Allah ya ba shi kan karatu. Sunan garinsu ba zan faɗa ba, don na san halinku, kafin a tashi sujada sai ku fara nuna gidan wani da baki.

Tun Auta yana ƙarami uwarsa ta keɓe shi. In aka ce a je ɗiban ruwa, sai ta ce, "Ku bar shi, karatu yake yi." In aka ce a shiga rumbu a fito da hatsi, sai ta ce, "Ku bar shi, kada ƙaiƙayi ya taɓa masa ido." Ya yi shekara shida a makarantar kwana, in ya zo hutu kuma ya tarar da tuwo a rufe, wanki a ninke. Ya san sunayen kogunan ƙasashen da bai taɓa takawa ba, amma bai san inda ake ajiye ashana a gidan ubansa ba.

Ana nan sai takarda ta zo, an ɗauke shi a jami'a, a wani birni mai tafiyar yini guda a mota. Gida ya cika da murna. Uwar ta ɗaura ɗamara ta shiga kasuwa.

Gaskiya ɗaya ce, matar nan ta iya sayayya. Ni da na raka jikoki uku tasha ban ga abin kushewa ba. Ba ta sayi akwatin nan mai ƙafafun roba da ke karyewa tun a tashar farko ba, ta ɗauko na ƙarfe, ta sa masa kwaɗo. Ta sayi bokiti mai murfi, da gidan sauro, da bargo, da silifas na wanka, da risho da tukunya biyu, ƙarama da babba. Ta sa allura da zare. Takardunsa ta nannaɗe su a leda har biyu saboda ruwa. Ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta cika galan da man gyaɗa, ta auna garin kwaki.

Sa'an nan ta zo kan babban abu, wato wake. Damunar bara ta yi musu kyau, suna da wake fari mai manyan ido. Ta cika rabin buhu, ta ce wannan shi ne zai riƙe yaron har ƙarshen zango, gama garin kwaki yana ƙarewa, ƙuli-ƙuli abokai ke cinye shi, amma wake yana tsayawa da mutum. Domin kada ƙwari su huda shi, sai ta yi yadda uwarta ta koya mata. Ta kwashe tokar murhu mai sanyi, ta tankaɗe ta, ta gauraya da waken har kowace ƙwaya ta yi furu-furu. Waken da ya kwanta cikin toka, ƙwaro ba ya samun hanyar shiga, sai ya shekara lafiya lau.

Maigidan yana zaune bakin zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "Maman Auta, ki kira shi mana ya ga abin da kike zuba masa."

Ta ce, "Ya tafi ɗaukar hoton da makaranta ta ce a kawo. Kuma Maigida, ɗan manomi ne za a tsaya ana koya wa wake?"

Ya ce, "Ɗan manomi ne, amma ni ban taɓa ganinsa a bakin rumbu ba."

Ta ce, "Kai dai ba ka rasa magana."

Ta ɗinke bakin buhun. Maigidan ya koma kan ƙotar fartanyarsa. Ranar tafiya ya kira ɗansa gefe ya ce, "Abin da ke cikin kayan nan shi ne ƙarfinmu duka. Sai kaka ta yi za mu iya sake aiko maka da wani abu. Ka riƙe shi da kyau." Aka yi addu'a, mota ta tashi.

A jami'a aka haɗa Auta ɗaki da samari uku, 'yan birni. Mako biyu na fari ƙuli-ƙuli ya yi masa abokai, kamar yadda uwarsa ta faɗa. Da ya ƙare, sai ya farke bakin buhu, ya zura kofi ya ɗebo. Abin da ya fito ba fari ba ne. Toka ce ta tashi ta shiga hancinsa, ya yi atishawa.

Ɗaya daga cikin samarin ya leƙo ya ce, "Mutumina, wannan wake ne ko siminti? Gini za ka yi mana a ɗaki?"

Na biyu ya ce, "An cuci tsohuwa a kasuwa. An auna mata shara."

Na uku ya ja da baya ya ce, "Ku bi a hankali. Mutanen ƙauye ba sa sakin ɗansu haka kawai. Wa ya san abin da aka haɗo masa a ciki?"

Auta ya daure ya zuba kofi guda a tukunya, ya kwara ruwa. Ruwan ya yi baƙi-baƙi kamar na wankin tsumma. Dariya ta cika ɗakin. Na farkon ya jawo ledarsa ya buɗe, ya nuna masa nasa waken da ya saya a shago, fari tas, yana ƙyalli, ya ce, "Ga yadda wake yake, in ba ka taɓa gani ba."

Kunya ta rufe Auta. Bai ga laifin kansa ba, na uwarsa ya gani. Ya ce a ransa, tsohuwar nan da ba ta yi boko ba ta ja mini abin dariya. Washegari da sassafe ya ja buhun ya kai bayan ginin ɗakunan kwanansu, inda ake zubar da shara, ya bar shi can. Ya ji wata murya tana kira, "Ɗana, ɗana," amma bai waiwaya ba, sai ma ya ƙara sauri.

Duk ranar Lahadi uwarsa takan kira shi da wayar yayansa. Takan ce, "Auta, waken yana daɗi?" Shi kuma ya ce, "Yana nan, Mama, muna ci." Ƙarya ta farko ta yi masa nauyi, ta uku kuwa ko ji bai yi ba.

Wata ya wuce, wani ya bi. Ɗan abin da ubansa ya sa masa a aljihu ya tafi wurin masu sayar da abinci. Garin kwaki ya koma jiƙo sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kaɗe leda. Samarin ɗakin ma ba su da abin ba shi. Mai farin waken nan ya buɗe ledarsa wata rana ya tarar ta zama gari da ƙwari, kowace ƙwaya da ƙofa da taga. Su dai iyayensu suna kusa, Asabar ta yi su tafi gida su ci su dawo. Auta ba shi da wurin zuwa.

Jarrabawa ta rage kwana tara. Ya zauna gindin wata bishiyar mangwaro da littafi a cinya, baƙaƙen suna yawo a idonsa kamar tururuwa. Ya karanta layi ɗaya sau biyar bai riƙe ba. Ya fara shawara da zuciyarsa ya sayar da risho da bargo ya yi kuɗin mota ya koma gida. Amma in ya koma, me zai ce wa ubansa?

Akwai wata dattijuwa mai sharar ginin, wadda ɗalibai ke wucewa ba gaisuwa. Ta jingine tsintsiyarta ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗana, yaushe rabonka da abinci?"

Ya ce, "Na ci, Iya."

Ta ce, "Bakinka ya ce ka ci, wuyanka ya ce ba ka ci ba. Wuyan zan gaskata."

Ta kwance ɗaurin kwanonta ta ajiye masa. Wake ne da mai da yaji. Ya so ya yi fulako, hannunsa ya riga shi. Ya ci har ya ga gindin kwano. Da ya sha ruwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, rabona da irin wannan waken tun a gidanmu."

Ta ce, "Ai na gidanku ne."

Ya ɗaga kai.

Ta ce, "Ni ce na kira ka ranar da ka jawo buhun, ka yi kamar kurma. Da na buɗe na ga toka, na ce wannan hannun mace ne mai hankali, wadda ta san ɗanta zai yi nisa. Na kai gida. Wata biyu ke nan ni da jikokina muna ci, ko ƙwaro ɗaya ban gani ba. Rabi na ci, ladan ɗauka. Rabi na ajiye, don na san yunwa za ta kawo mai shi."

Auta ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "To, Iya, ko za ki riƙa dafa mini?"

Ta ce, "A'a. Dafa maka da aka yi ta yi, shi ya kawo ka gindin mangwaro."

Washegari ta zo da sauran waken a kai, da rariya da faifai a hannu. Ta zaunar da shi a ƙofar ginin, inda kowa ke wucewa. Ta nuna masa sau ɗaya: a zuba a rariya a girgiza, toka ta zube, a bakace a faifai, a wanke sau biyu. Waken ya fito fari kamar ranar da aka sussuka shi. Ta miƙa masa rariyar ta koma kan shararta. Samarin ɗakin suka zo wucewa suka gan shi da toka har gira. Babu wanda ya yi dariya. Mai maganar siminti ma ya tsaya ya ce, "Mutumina, in ya dahu ka tuna da maƙwabta."

Auta ya ci, ya rubuta jarrabawarsa, ya haye.

Da ya zo hutu, bai jira an tambaye shi ba. Ya durƙusa gaban uwarsa ya faɗa mata duka, har da ƙaryar ranakun Lahadi. Maigidan yana bakin zaure, yana ji, bai ce ai na faɗa ba. Da hutu ya ƙare aka zo haɗa kaya, sai aka ji muryar uwar daga bakin murhu: "Auta, ajiye littafin nan. Zo ka kwashe toka."

To, ma'anar wannan misali ke nan, ku buɗe kunne.

Waken nan shi ne abin kirkin da aka zuba muku a gida: Maganar Allah, da faɗin gaskiya, da sanin girman mutane. Tokar kuwa ita ce faɗa da hani da kuka sha, kada ka je can, kada ki bi wancan, tashi a yi addu'a. Toka ba ta da daɗi, ba ta da kyan gani, kuma ba a ce ku ci ta ba. Aikinta ta tsare abincin har ranar da za a bukace shi. Ku samari da 'yan mata da za ku tafi bana, za ku haɗu da waɗanda nasu ke ƙyalli, su yi muku dariyar ƙauyanci. Ku ba su wata biyu. Kada ku zubar da abin da aka yi damuna guda ana noma muku saboda dariyar mutum uku. Ba kowane juji ne Ubangiji ya ajiye mai tsintsiya a gefensa ba. In kuwa ya ajiye, ku koyi gaishe ta, don wanda kuke wucewa ba gaisuwa wataƙila abincinku ne a hannunsa.

Amma ni yau ba da yara na fi faɗa ba, da mu iyaye ne. Matar nan ba ta rage kome a sayayya ba, abu ɗaya ta bari, ba ta kira mai kayan ya gani ba. Muna hana yara, ba ma faɗa musu dalili. Muna yi musu addu'a, ba ma koya musu su yi da bakinsu. Muna cewa karatu yake yi, har mu aika ƙato birni bai iya kunna risho ba. Wasunmu kuma, ku yi haƙuri zan faɗa, tokar ta fi waken yawa. Yaro ya tona ya tona, faɗa kawai yake samu, bai taɓa jin an ce Allah ya yi maka albarka ba. Irin wannan in ya zubar da buhun, kada a zo mini da kuka.

Ni ban zauna a aji ba, amma na san abin da hannu bai taɓa yi a gida ba, ba zai fara yi a baƙon wuri ba. Saboda haka ku sayi bokiti, ku sayi gidan sauro, ku sayi kwaɗo, duka daidai ne. Amma kowane abu, kafin ya shiga akwati, yaron ya yi aiki da shi a gabanku. Ya kunna rishon, ya ɗaura gidan sauron, ya ɗinke maɓalli, ya dafa abin da gida duka za su ci ba a tura kwano gefe ba. Ranar Lahadi ya tashi da kansa ba a buga masa ƙofa ba, gama can babu mai buga masa.

Kuma kafin ku ɗinke bakin buhu, ku kira mai buhun ya tsaya a kai. In hoto ya tafi ɗauka, ku jira ya dawo.