Wardin Gwadabe

Akwai wani mutum a Kademi ta ƙasar Gaya mai suna Gwadabe. Ya daɗe a birnin Kano yana yi wa wani Bature mai sayen gyaɗa aikin lambu. Shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama, Baturen ya tattara ya koma ƙasarsu. Gwadabe ya dawo gida da tsohuwar kwat, da almakashin datse reshe, da garewanin kananzir cike da ƙasa, kowace garwa da tsiron furen wardi a cikinta.

Shi wardi ba a cinsa. Ba a miya da shi, ba ya inuwa, ga ƙaya. Amma ba zan yi masa ƙarya ba, idan ya buɗe ja ne jajir, ƙanshinsa kuwa tun daga zaure yake tarar mutum.

Matarsa Gaji ta zagaya garewanin ta ce, "Malam, wannan me yake haifa?"

Ya ce, "Fure."

"Bayan furen fa?"

"Wani furen."

Ta gyara ɗaurin zaninta ta koma bakin turmi.

Da kaka, wani ɗan kasuwa na Gaya, Alhaji Badaru, ya zo Kademi sayen gyaɗa, ya ga furen a aljihun kwat ɗin Gwadabe. Ya tambaya, aka fito masa da garwa guda ya gani. Lokacin yana gina babban gida a Gaya. Ya ce, "Da an gama ginin an haƙa rijiya, farkon damina mai zuwa, ka zo ka cika mini tsakar gida da wannan. Kai ne mai lambuna, da ɗakinka da albashinka."

Gonar Gwadabe ƙarama ce, ga iyali. Wannan aiki shi ne abin da ya sa a gaba. Abin da ya rage masa kawai ya raya wardin nan har ruwa ya sauka.

To, a nan ya ɓata.

A ƙasarmu ba a hana iri. Ko kuɓewa ce ta yi kyau a bayan ɗakinki, ko lalle, ko wani gero mai saurin nuna, duk wanda ya roƙa sai a ba shi, wanda bai roƙa ba ma a aika masa. Mutanen yanzu suna zaton kirki ne kawai ya sa muke haka. Ajiya ce. Ranar da naki ya mutu, kin san gidan da za ki je ki karɓo.

Gwadabe ya san wannan sarai, a ciki aka haife shi. Amma ya yi lissafin cewa idan wardi ya bazu a gari, Alhaji ba zai nemi shi ba.

Maƙwabcinsa Malam Hadi, mai makarantar allo, shi ya fara roƙa. Ya ce, "Gwadabe, a yanko mini ɗan reshe in kafa a bakin kwatar alwala. Wurin ba ya bushewa."

Gwadabe ya ce, "Allah ya gafarta malam, wannan ba zogale ba ne da za a soka a ƙasa a tafi. Sai wanda ya zauna da Turawa."

Malam Hadi ya yi murmushi ya ce, "Haka ne. Mu da yara muka zauna."

Sai yayarsa Hansai ta zo ganin gida daga Toranke ta ƙasar Ajingi, inda take aure. Ta tarar da shi yana datse rassan. Duk reshen da ya faɗi sai ya tsince, ya kai murhu ya tura cikin wuta.

Ta tsaya riƙe da haɓa. Ta ce, "Gwadabe, ɗanyen iri kake ƙonawa?"

"Yaya, aiki ne. Ba za ki gane ba."

"Na gane ka tun kana yawo ba wando. Ba ni biyu. Gidanmu yana bakin fadama, ga inuwar mangwaro. In ajiye maka."

"Ki ajiye mini, gobe duk Toranke ta cika da shi."

"To in ta cika, ciwon me zai kama ka?"

Ya tsince ragowar, har da wani ɗan guntu da ya faɗa kusa da ƙafarta, ya zuba a wuta. Hansai ba ta ci tuwon gidan ba ranar, ta ɗauki ƙunshinta ta tafi.

Aka gama girbi, aka saki dabbobi kamar yadda aka saba. Akuyar wani gida ta huda danga ta cinye garwa biyu har ƙasa, da ƙayar da komai. Gwadabe ya zagaya unguwa yana faɗa. Aka ce masa tun kakanninsa ake sakin awaki bayan kaka, shi ya ɗaure furensa.

Sannan rani ya shigo, kuma shekarar farin nan ce da kowa ya sani. Rijiyoyi suka ja baya. Mutum ya jefa guga sai ya fito da rabin laka. Gwadabe ya yini a bakin rijiya, in ya samo tulu guda, wardi ne ke fara sha, randar gida ta samu abin da ya rage.

Gaji ta ce, "Malam, ga ruwan wanke-wanke, zuba musu."

"Da sabulu a ciki? So kike ki kashe su?"

"Zogalen bayan ɗaki shi yake sha, bai taɓa kai ƙara ba."

"Zogale ɗan ƙauye ne."

"Mu ma haka. Amma mu ma muna shan ruwa."

Kullum a haka suke. Yara suka riƙa kwana da kaushi a ƙafa, furen da ba a ci yana shan tatacce.

Da bazara ta kankama, rana ta riƙa ƙone ganyen, gefensa ya yi kamar an gasa. Toho ya fito ya bushe tun bai buɗe ba. Gwadabe ya ja garewanin zuwa inuwa, suka yi rawaya. Ya mayar da su rana, suka yanƙwane. Ya ƙara taki, ya rage taki, ya barbaɗa toka. Kowace safiya sai ya durƙusa a gabansu yana kankare reshe da farce ya ga ko da sauran kore. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi, har saura guda.

Malam Hadi ya leƙo ta kan danga, bai riƙe abin da ya wuce ba. Ya ce, "Ko yanzu ka ba ni reshe ɗaya. Ruwan alwalar yara yana zuba a banza."

Gwadabe ya dubi ɗan tsiron, rassansa ba su fi yatsun hannu ba. Ya ce, "In na yanka zai ji ciwo. Na kusa kai shi damina."

Ya fasa garwar ya dasa shi a ƙasa don saiwarsa ta ji sanyi. Ya yi masa rumfa da karan dawa, ya shimfiɗa kara a gindinsa, yana jiƙawa safe da yamma. Duk garin a bushe, sai nan kaɗai ke da laima da ruɓaɓɓen kara. Gara ta ji labari. Ta shigo ta ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya gan ta.

Wata safiya Gaji na shara, tsintsiya ta ɗan taɓa shi, sai ga wardi a kwance. Saiwar duk an cinye, cikin reshen fam da ƙasa.

Gwadabe ya ɗaga shi a hannu, ba nauyi. Ya buɗe baki zai ɗora mata laifi, ta miƙa masa tsintsiyar ta ce, "Duba da kyau ko tana da haƙori."

Ya ari keke ya kai bakin titi, ya hau babbar mota zuwa Kano, gidan tsohon ubangidansa. Ya tarar wani ma'aikaci ya tare a ciki, an tuge furannin kaf an shuka kuɓewa da tumatir. Ya leƙa gidajen da ya sani a unguwar. Wasu furanninsu sun bushe saboda farin, wasu masu gadi ba su bar shi ya wuce ƙofa ba.

Ruwa ya sauka. Alhaji Badaru ya aiko a kira shi.

Ya tarar gida ya kammala, rijiya da murfinta, an ware fili a tsakar gida an zuba baƙar ƙasa. Ga ɗan ɗakin mai lambu da sabuwar ƙofa. Bayan an gaisa, Alhaji ya dubi hannunsa ya ce, "Ina kayan?"

Gwadabe ya ba da labarin akuya, da fari, da gara. Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri, shekarar ta taɓa kowa. Ai ba wani abu ba ne. Ɗauki keken gidan nan ka zagaya gidajen da ka raba wa, ka yanko. Wani dai nasa ya tsira."

Gwadabe bai nufi wajen keken ba.

Alhaji ya ce, "Ko sun mutu duka?"

"Ranka ya daɗe, ban ba kowa ba."

"Ko gida ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Ba ka da 'yan'uwa ne?"

"Ina da yaya a Toranke."

"Ba ta roƙa ba?"

Gwadabe ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Alhaji ya dube shi. Sannan ya juya wajen magininsa ya ce a samo dashen mangwaro da darbejiya a sa a filin, ɗakin kuma a zuba buhunan gyaɗa. Ya ce da Gwadabe, "Ka gaida mutanen gida. Ka yi sauri, an ce jiya aka yi shuka a wajenku."

Gwadabe ya taka da ƙafa daga Gaya har Kademi. Kowace gona ya wuce, mutane ne a duƙe suna binne iri, rabinsa na maƙwabta.

Darasi: Abin da Allah ya ba ka mai tsiro, iri ne ko sana'a ko wani sani, kada ka tsare shi a gidanka kai kaɗai don tsoron wani ya kamo ka. Raba shi tun yana ɗanye, domin ranar da naka ya mutu, a hannun waɗanda ka ba kaɗai za ka same shi. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, ku fara da wanda kuka san yana da irin halin nan.