Ruwan Da Ya Tsaya A Kan Iyakar Dakwara

Shehinmu, kogin ilimi, ma'abucin tsentseni da zikiri, Allah Ya ƙara masa yarda, karamominsa sun fi ƙarfin lissafi, amma guda ɗaya har yau takan juya mini kai.

A ƙauyenmu na Kurdufan, mahaifinmu ya bar mana gonar dakwara, itacen da ba ya fitar da ƙaro sai damina ta ɗauke, ya ji ƙishirwa, an tsaga ɓawonsa. Shekara uku damina na yi mana wasa, ta makara, ta tafi, sai mun tsaga ta dawo, itatuwan su yi sabon ganye su hana ƙaro. Yayana Jubara ya rantse in bana ma haka ne, gawayi zai mayar da su.

Ranar da na gama tsaga, na garzaya wurin Shehu ya roƙa mini kada a yi ruwa, sai na tarar da maƙwabcina Dafa'allah durƙushe, yana neman ruwa ɗaya tak saboda geronsa da ya fara bushewa.

Da na faɗi tawa buƙatar, Dafa'allah ya harare ni ya ce, “Kai Bakhit, yarana ƙaro za su ci?”

Na ce, “To ni geronka zai hana Jubara ɗaukar gatari?”

Shehu ya ɗaga hannu ya yi addu'a a ɓoye, muka shafa tare, na fito raina a jagule, ban san abin da na ce wa amin ba.

Bayan kwana biyu hadari ya haɗo daga gabas, na ruga gona. Wallahi ruwa ya sauka a gonar Dafa'allah kamar da bakin ƙwarya, ya zo kan kunyar da ta raba mu ya tsaya cak. Na tsaya ƙafata ɗaya cikin taɓo, ɗaya cikin ƙura, na rasa ko kuka zan yi ko dariya. Bayan kwana arba'in ƙaro ya tsattsafo a kowane reshe, Jubara ya rataye gatarinsa.

Na koma wurin Shehu na ce, “Allah gafarta Malam, cikinmu wa ka roƙa wa?”

Ya yi murmushi ya ce, “Ban roƙi ruwa ba, ban roƙi fari ba. Cewa na yi, ya Rabbi, Ka san gonar kowa.”

Tsarki ya tabbata ga Mai jin roƙon bayinSa salihai. Allah Ya haskaka makwancin Shehu, Ya yayyafa mana albarkarsa, har mu da ba mu san abin da ya kamata mu roƙa ba.