Bakin Sarki Tankari

A zamanin da, a wata ƙasa da ba zan ɓata bakina wajen faɗin sunanta ba, an yi wani sarki wai shi Tankari. Rawaninsa babba, abin da ke ƙarƙashinsa kaɗan.

Mutanen ƙasar sun gaji tsari mai kyau. Dattawan majalisa ke kafa doka, alƙali ya yanke hukunci, sarki kuwa ya zartar. Dogarai nasa ne, tsaron iyaka nasa, karɓar baƙi da naɗa hakimai nasa. Mai hankali wannan ya ishe shi aiki.

Wata shekara ƙanin sarki, Mati, ya datse rafin da ke shayar da lambunan gari, ya karkata ruwan zuwa gonar rakensa. Albasa da tattasai na talakawa suka fara ƙonewa. Aka kai ƙara, Alƙali Ilu ya ce a fasa datsiyar. Saura sarki ya tura dogarai.

Sarki ya ce ba ya turawa. Ya kori alƙali, ya sallami dattawa, ya sa sanƙira, mai shelar fada, ya zagaya gari: daga yau duk abin da ya fito daga bakin sarki, shi ne doka, shi ne hukunci, a zartar nan take.

Waziri Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, duk abin da ya fito?"

"Kurma ne kai? Duka!"

"Allah ya ja zamaninka, an ji, an bi."

Waziri ya umarci sanƙira ya tsaya a bayan sarki, kome ya ji ya ɗaga murya ya maimaita. Da fadawa suka cika sarki da kirari, ya daka musu tsawa, "Ku ɓace mini da gani!" Suka ɓace ƙaf, har mai fifita. Ya wuni yana zufa shi kaɗai. Duk da haka bai gane ba, don wawa ne na gaske. Lambuna kuwa suna ta bushewa, mata na ɗauko ruwa a tulu daga nesa.

Sai Waziri ya aika aka kira Nomau, ɗan kawun sarki, wani farke mai yawan baki. Taubashin sarki ne, kuma kowa ya san tsakanin taubasai babu sarauta, sai wasa da tsiya. Nomau ya shigo fada ana cike, ko takalmi bai cire ba.

"Ina bawan nan nawa? Kai, Tankari, wa ya ara maka wannan riga?"

Sarki ya ƙyalƙyale da dariya. "Matsiyaci, ka zo cin tuwon banza! Shigo, ai gidanka ne. Ni bawanka ne, sai yadda ka yi da ni."

Sanƙira ya ɗaga murya har ƙofar gari. "Jama'a, sarki ya ce fada gidan Nomau ce! Sarki bawan Nomau ne!"

Dogarai suka juya suka durƙusa wa Nomau. Shi kuwa ya haye shimfiɗa ya miƙe ƙafa. "Bawa, kawo buta."

"Wasa nake yi!" in ji sarki. "Na soke! Na soke maganar!"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, da bakin wa za ka soke? Doka ta ce bakin sarki. Wannan na yanzu bakin bawa ne."

"To a faɗa wa mutane wasan taubasai ba doka ba ne!"

"Mai raba wasa da gaske alƙali ne, ka kore shi. Masu warware doka dattawa ne, ka sallame su."

Nomau ya ce, "Buta nake jira. In ka gama, akwai jakuna a waje ba su ci dusa ba."

Tankari da ya ce shi ne kome da kome, sai ga shi a ƙofar Alƙali Ilu ba dogari ko ɗaya, yana sallama da ƙaramar murya. Abin kunya.

Alƙali ya fito, dattawa suka taru. Suka warware shelar, alƙali ya ce maganar taubasai wasa ce, Tankari ɗa ne ba bawa ba, kuma sarki ne. Tankari ya miƙe zai koma fada da sauri.

"Tsaya," in ji alƙali. "Hukunci biyu na yanke, kuma mai zartarwa ba ya zaɓen wanda ya yi masa daɗi. In na rafi bai zauna ba, naka ma bai zauna ba."

Nomau, da ya biyo bayansa, ya leƙo. "Allah ya sa ya ƙi, malam. Shimfiɗar nan da laushi."

Sarki bai ƙi ba. Ya ja dogarai zuwa gonar Mati. Ƙanin nasa na ihu yana kiran sunan uwarsu, shi kuwa ya ce a sa fartanya. Datsiya ta fashe, ruwa ya gangara lambuna, abin da bai mutu ba ya farfaɗo.

Tankari ya ci gaba da sarauta, ya tsaya kan aikinsa. Kada wani ya ce mini ya yi hankali. Tsoro ya ji, kuma ga irinsa tsoron ma ya wadatar.