Zabuwa da Kwamfutar da Ba Ta Zafi

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.
Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Zabuwa ce ke da shagon buga takardu a kasuwa, da wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ta tsufa: in ka kunna ta, sai ka tuƙa tuwo ka kwashe ba ta gama buɗewa ba. Ga zafi kamar murhu. To, kun san Zabuwa da ƙyuyar kwanci. Sai ta jera ƙwanta a kan akwatin kwamfutar, ta tafi yawon gulma. Kwamfuta na nishi, 'ya'ya na ƙyanƙyashewa.

Ran nan Dila mai gyara ya kawo wata mai sabuwar ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Hajiya, wannan gyatumar taki ta gaji. Mu gwada su."

Aka ba su aiki ɗaya. Kafin ƙiftawa da bismillah sabuwa ta gama, tsohuwa kuwa tana ta tari. Nan take Zabuwa ta yi musaya, ta jera ƙwai a kan sabuwa, ta fice abinta.

Ashe sabuwa sanyi gare ta kamar randa. Ƙwai duk suka zama baragurbi.

Ta je wa Dila da masifa: "Macuci! Abar nan ba ta zafi!"

Ya ce, "Sauri na sayar miki, Hajiya, ba ungozoma ba. Ki hau ki kwanta mana."

Ta dubi zanen jikinta ta ce, "Ni? Da wannan leshin?"

Tun daga ranar, sai ta faki ido ta tura ƙwanta ƙarƙashin Kaza.

Ƙurunƙus kan kusu. Mai musu ya je ya ɗaga Kaza ya gani.