Zanzaro da Muryar da Ta Shiga Ɗan Tulu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani gari can cikin daji akwai wata Murya mai amsa kowace tambaya. Amma fa ba ta magana sai an jera mata randuna cike da zaure, ta shiga cikinsu ta yi tunani. Wa ke da halin wannan? Sai Zaki, sai Giwa. Tsohuwa Zanzaro ce ke gina randunan, ita da 'yarta tilo, Lantana.

Rannan sai Kurege, uban dabara, ya koya wa Murya takurewa. Sai ga ta cikin ɗan tulu ɗaya, tana amsawa yadda ta saba.

Zanzaro ta ji labari, ta zauna daɓas. Ta ce, "Shi ke nan, sana'a ta mutu. Wa zai ƙara neman randa?"

Sai Lantana ta ɗaure kayanta. "Inna, bari in tafi wani gari neman abin yi, in riƙa yi miki aike."

Wayyo, yara, tsohuwar nan ta sha kuka! Randuna ko oho, rabuwa da 'yar ce ta kasa jurewa.

Suna bakin ƙofa suna sallama, sai ga Bushiya. "A gina mini ɗan tulu. Ɗana ya daɗe yana tari, ina son tambaya, amma ina ni ina zauren randuna?"

Ba ta rufe baki ba, sai ga Gafiya. "Ni uku nake so. Na gida, na gona, da na surukata, don ta bar ni in huta."

Sai ga Kunkuru yana haki. "Ni ba ni da tambaya. 'Ya'yana duk sun watse, abokin hira nake nema."

Zanzaro ta leƙa waje. Kai! Jama'a har bakin rafi, har da Tururuwa da zuri'arta kaf, kowa nasa tulun yake so. Ta dubi Lantana, ta ce, "Ni kaɗai ba zan iya ba."

Lantana ta sauke ƙunshin daga kanta, ta gyara ɗaurin zani, ta jawo yumɓu.

"Inna, da na Baba Kunkuru za mu fara."

Yumɓun da suka kwaɓa a shekarar nan ya ninka na randunan Zaki da Giwa. To kun ji: in abu ya yi sauƙi, duk waɗanda suka haɗiye buƙatarsu a da fitowa suke yi.

Kurunkus, na kife tuluna.