Kurege da Madubin Kama Ɓarawo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Allah ya sa da ɗan maiƙo a cikinta.

Kurege ne dai, ranar da aka gama roron gyaɗa, ya hau kan turmi a dandalin dabbobi, ya bugi ƙirji ya ce, "Ni tun da uwata ta haife ni, bakin nan bai taɓa tauna gyaɗar wani ba."

Aka ce madalla. Amma rumbun gari kullum raguwa yake, kumatun Kurege kuwa kullum a kumbure. In an tambaye shi, sai ya dafe su ya ce, "Haƙori ne, ku sa ni a addu'a."

Ana nan sai Baba Bunsuru mai unguwa ya rantse da gemunsa duk wanda aka kama sai ya bar garin. Hankalin Kurege ya tashi. Ya fita yawon tunani, sai ya tsinci ɗan madubi da ya faɗo daga kayan wani ɗan koli. Ya leƙa, ya ga wani mai kumatu yana leƙo shi. Ya yi tsalle, wancan ya yi tsalle. Ya murguɗa baki, wancan ya murguɗa. Ya ce, "Af, ashe ni ne. Kai, amma Allah ya yi halitta!"

To, mutanen garin nan ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, don kududdufinsu kullum a dame yake kamar kunu. Kurege ya naɗe madubi a tsumma, ya dawo ya yi shela: ya samo madubin duba. Mai gaskiya in ya leƙa ba zai ga komai ba, mai hannu a kayan wani kuwa fuskarsa za ta fito. Kuma da hantsi ake dubawa, ɗaya bayan ɗaya, a cikin raminsa. Mata suka goye jarirai suka rufe musu ido, kada su gani haƙori ya ƙi fitowa.

Zabuwa ta fara shiga. Ta leƙa, sai ga kai sanƙo yana kallonta.

"Wace ce wannan mummunar?"

"Gyaɗa kai ki gani."

Ta gyaɗa, waccan ta gyaɗa. Zabuwa ta zube. "Malam, ka rufa mini asiri. Wallahi ba rumbu ba ne, geron Kaza ne na ɗan tsattsaga bara."

"Kawo gyaɗa ƙwarya guda, a wanke madubin."

Ta kawo, ta fita tana cewa ba ta ga komai ba.

Baba Bunsuru ya shiga. Ya leƙa, sai ga gemu.

"Malam, gemun nan kamar na san shi."

"Shafa naka ka gani."

Ya shafa, wancan ya shafa. Mai unguwa ya rage murya. "Shanyar Tunkiya na taɓa, harawa 'yar kaɗan. Ka rufa mini asiri."

"Kawo gyaɗa ƙwarya biyu, kai babba ne."

Haka dai, kowa ya shiga ya gani, kowa ya kawo, kowa ya fita bai ga komai ba. Sai Inna Bushiya, tsohuwar da ke share gindin rumbu. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta fito gaban jama'a ta ce, "Ni dai na ga wata tsohuwa mai ɗan tsinin hanci. Ta yi kama da marigayiya uwata."

Wuri ya ɗauka: "Ɓarauniya! Ta gani!" Waɗanda suka fi ɗaga murya kuwa kun san su. Mai unguwa ya ce ta ɗaure kayanta kafin azahar.

Inna Bushiya ta ɗauro ɗan ƙullinta, ta durƙusa gaban Kurege. "Malam, na gode. Shekara nawa rabona da fuskar uwata, yau ka nuna mini. Alfarma ɗaya ta rage. Ka leƙa da kanka, mu tsaya a bayanka, in ga yadda yake wa mai gaskiya kafin in tafi."

Kurege ya ce haƙorinsa ya motsa. Jama'a suka ce ai ba da haƙori ake kallo ba. Ya ɗaga madubi, ya runtse ido gam, ya ce, "Ban ga komai ba."

"Ɗan nan, buɗe idon mana," in ji Inna.

Jama'a suka yi cincirindo a bayansa. Ga sanƙon Zabuwa, ga gemun mai unguwa, ga kunnen Tunkiya, ga kumatu biyu a tsakiya sun cika madubi. Inna ta karɓa ta juya shi wajen wata kabewa da ke kan danga.

"Ikon Allah, kabewa ma ta fito. Ke kuma me kika sata?"

Can Zabuwa ta matsa kusa da Kaza ta ce, "Yaya, akwai maganar wani gero." Kaza ta ce ai ta gan ta tun bara, ta yafe. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya kalli Tunkiya, Tunkiya ta ce, "Bari kawai, Baba, Allah ya yafe mana duka." Aka kwance wa Inna ƙullinta, kowa yana sa mata albarka.

Kurege ya ga an manta da shi, ya haye turmi. "Kun gani? Ni na shirya ku, ku gode mini! Ni da bakin nan bai taɓa..."

Bai ƙarasa ba, gyaɗa ta faɗo daga kuncin dama, tim. Biyu suka biyo ta daga na hagu.

Inna Bushiya ta tsince su, ta ɗaga masa madubi. "Sannu, Malam. Haƙoran sun fita. Duba ka ga yadda kumburin ya saɓe."

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa. Wanda duk zai riƙe wa jama'a madubi, ya fara haɗiye abin da ke bakinsa.